SHARHI: Shari'ar Hadijatou Mani da darasin bautar da ya kamata ya shiga azuzuwan Dogarawa

Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, hukumomin Nijar suka duƙufa wajen sauya yadda ƙasar ke ba da labarin kanta. A watan Oktoban 2024 an cire sunan Janar de Gaulle daga wani babban titi na Yamai aka sa na Djibo Bakary. An kuma kafa kwamitin masana domin sake rubuta tarihin ƙasar. A watan Maris na 2025 sabon kundin da ke jagorantar mulki ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka koma harsunan aiki.

Duk wanda zai rubuta tarihi sai ya zaɓi abin da zai saka da abin da zai bari. Babin zaluncin Turawan mulkin mallaka ba shi da mai musu, kowa na son a koyar da shi. Babin da ke da wuyar buɗewa shi ne na bautar cikin gida, wadda ba jirgin ruwa ya kawo ta ba, wadda kuma ragowarta ke nan har gobe. A jihar Tawa, musamman tsakanin Birnin Ƙonni da Dogarawa da Illela, wannan babi yana da sunaye da ranaku da takardun kotu. Tambayar ita ce ko zai samu shiga littattafan da yara za su karanta.

Shari'ar da ta faro daga Ƙonni

A 1996 aka sayar da Hadijatou Mani tana da shekara 12 ga wani magidanci a kan sefa 240,000, wato jika 240. Ta shiga gidan a matsayin wahaya, macen da ake ajiyewa bayan matan aure huɗu ba tare da ɗaurin aure ko sadaki ba. Kusan shekara tara ta yi tana aikin gida da na gona, ta kuma haifa masa 'ya'ya.

A watan Agustan 2005 mutumin ya ba ta takardar 'yantawa. Da ta tashi tafiya sai ya ce ai matarsa ce. Ta kai ƙara kotun da ke duba shari'un al'ada a Ƙonni, kuma a watan Maris na 2006 kotun ta ce babu aure a tsakaninsu, tunda ba a biya sadaki ba, ba a ɗaura aure ba, ba a kuma nemi yardarta ba. Bayan wata uku babbar kotun Ƙonni ta soke wannan hukunci. Ana cikin wannan ja-in-ja Hadijatou ta auri wanda take so, sai tsohon ubangidan ya shigar da ƙarar cewa ta yi aure kan aure. A watan Mayun 2007 aka yanke mata ɗaurin wata shida, aka kai ta gidan kaso.

Daga nan ne ƙungiyar Timidria da Anti-Slavery International da lauyoyin Interights suka taimaka mata ta kai gwamnatin Nijar gaban kotun ECOWAS, wadda a Nijar aka fi sani da CEDEAO. Kotun ta zo ta zauna a Yamai. Ranar 27 ga Oktoban 2008 ta yanke hukunci cewa an bautar da Hadijatou, kuma ƙasarta ta gaza kare ta, domin alƙalan da maganar bauta ta zo gabansu ba su ɗauki matakin da doka ta ɗora musu ba. Ta umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10.

A 2009 ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta karrama ta da lambar yabo ta mata masu jarumta, mujallar Time kuma ta saka ta cikin mutum 100 mafiya tasiri a duniya. Ana nazarin shari'arta a tsangayoyin koyon aikin lauya a ƙasashe da dama. A lokacin da aka yi wannan shari'a, Dogarawa na ƙarƙashin gundumar Ƙonni, domin sai a 2011 aka ba Malbaza gundumarta. Ke nan kotunan da suka yi ta juya maganar Hadijatou su ne kotunan mutanen Dogarawa.

Yankin da ake kira kusurwar abin kunya

Masu fafutukar yaƙi da bauta sun daɗe suna kiran yankin da ke tsakanin Ƙonni da Madawa da Illela da sunan kusurwa uku ta abin kunya, saboda yawan cinikin wahayu. Dogarawa na cikin wannan yanki, a kan babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Maraɗi. A 2012 Timidria da Anti-Slavery International suka fitar da rahoton da Galy Kadir Abdelkader da Moussa Zangaou suka rubuta bayan hira da matan da suka yi wannan rayuwa. Rahoton ya nuna cewa mafi yawansu an sayar da su ne kafin su kai shekara 15, kuma ana tsallaka da wasu iyaka zuwa arewacin Najeriya. Ƙauyen Zangon Ablo ya yi suna a matsayin mafakar matan da suka gudo daga gidajen iyayen gijinsu.

Doka dai tana nan. A watan Yunin 2003 Nijar ta saka bauta cikin manyan laifuka, da hukuncin ɗaurin shekara 10 zuwa 30 da tarar sefa miliyan 1 zuwa miliyan 5. A watan Mayun 2014 kotu a Birnin Ƙonni ta ɗaure wani mutum mai shekara 63 tsawon shekara huɗu saboda ajiye wahaya, hukunci na farko irinsa a ƙasar. A 2019 kuma kotun ƙoli ta kammala da shari'ar Hadijatou, ta tabbatar da cewa al'adar mace ta biyar ba ta da gurbi a doka.

Abin lura shi ne tazarar da ke tsakanin 2003 da 2014. Shekara 11 doka na rubuce kafin a ɗaure mutum guda a kan wahaya. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne waɗanda aka yi dokar dominsu ba su san da ita ba. An rubuta ta da Faransanci, matan da abin ya shafa kuwa yawancinsu ba su taɓa shiga aji ba. Hadijatou kanta sai da wayar da kan Timidria ya kai yankinsu maganar 'yanci ta taso. Nan ne aikin makaranta ya shigo, domin yarinyar da ta ji wannan labari a aji tana da shekara 12 ta san cewa abin yana da suna a doka, kuma akwai inda ake kai kuka.

Laifi tudu ne

Idan aka ambaci cinikin bayi, hoton da ke zuwa wa yawancin matasa shi ne na tsibirin Gore a Senegal, da Badagry a Legas, da jiragen da suka kwashi mutane zuwa Amurka da Brazil. Shafukan sada zumunta sun ƙara musu sunayen Martin Luther King da Malcolm X da Rosa Parks, matar da ta ƙi tashi ta ba Bature kujera a motar haya a birnin Montgomery a 1955. Kisan George Floyd a watan Mayun 2020 ya sa matasan Kano da Maraɗi da Yamai sun yi ta tofa albarkacin bakinsu a Facebook kan wariyar launin fata.

Wannan ilimi ne mai amfani, kuma mutanen Ƙonni ba sa buƙatar a faɗa musu muguntar mulkin mallaka. A watan Mayun 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone garin, ta kashe mutane masu ɗimbin yawa, ta kuma yi ta jan matan da ta kama a hanya kamar ganima. Faransar da ta fitar da dokar hana cinikin bayi a yankunanta na Afirka ta Yamma a watan Disamban 1905 ita ce ta ci gaba da sa mutane aikin tilas har zuwa 1946.

Sai dai Hausawa na cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Masana tarihi Paul Lovejoy da Jan Hogendorn sun ƙiyasta cewa a wajajen 1900 bayin da ke Daular Sakkwato sun kai tsakanin miliyan 1 zuwa miliyan 2.5. A arewacin Najeriya sai a 1936 Turawan Ingila suka soke bauta gaba ɗaya a doka. Harshen Hausa kansa ya adana shaidar: bawa da baiwa, kuyanga, ƙwarƙwara, bacucane wanda aka haifa cikin bauta, rinji inda bayi ke noma, murgu kuɗin da bawa ke biya don ya yi aikin kansa, da fansa. Abzinawa na da iklan, Zabarmawa na da horso, Fulani na da maccuɓe. Ɗalibin da ya san Rosa Parks bai san Hadijatou ba zai ɗauka cewa neman haƙƙi abu ne da ake yi a wata ƙasa mai nisa da wani harshe.

Kayan koyarwa suna nan, wasu ma da Hausa

Ana yawan kukan rashin littattafai, kuma gaskiya ne makarantun karkara na fama da ƙarancinsu. Amma a wannan fanni abin da za a koyar ya riga ya samu, tattarawa da sauƙaƙawa ne suka rage.

Na farko shi ne labarin Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da aka kama aka sayar yana ƙarami. Bayan an 'yanta shi ya bi matafiyi Heinrich Barth har Tumbuktu, sannan ya isa Landan a 1855. Ya ba da tarihin rayuwarsa da Hausa, J. F. Schön ya rubuta, aka buga cikin littafin Magana Hausa a 1885. Yaro ne ke ba da labarin yadda aka raba shi da iyayensa, da harshen da ɗalibin Dogarawa ke ji ba tare da tafinta ba.

Na biyu shi ne Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a 1934, Adamu Halilu kuma ya mayar da shi fim a 1976. Labari ne na yaron da aka sace aka ƙetara Sahara da shi, da uwar da ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa hannun masu bautarwa. Akwai kuma Baba ta Karo, dattijuwar da ta ba Mary Smith tarihinta da Hausa aka buga shi a 1954, inda ta bayyana zaman rinji da harin masu kamun bayi daga bakin wadda ta ga abin da idonta.

Ga 'yan ƙasashen waje akwai labaran da ke haɗa gida da ƙetare. Hausawan da aka kai Bahia ta Brazil sun shirya bore a 1807, kuma Musulmin Afirka ta Yamma ne suka jagoranci babban boren 1835 a birnin Salvador. Mahommah Baquaqua ɗan Djougou ya wallafa tarihinsa a Detroit a 1854. Nicholas Said ɗan Kukawa ta Barno, wanda aka sayar ta hanyar Sahara, ya ƙare a matsayin soja a rundunar baƙaƙen fata lokacin yaƙin basasar Amurka.

Game da yankin Adar kansa, Benedetta Rossi ta wallafa littafi a 2015 kan bauta da ƙwadago a jihar Tawa daga 1800 zuwa 2000. UNESCO kuma, wadda ta ƙaddamar da shirinta na bin sawun hanyoyin bayi a Ouidah ta Benin a 1994, ta fassara wasu juzu'an babban tarihin Afirka zuwa Hausa. Hukuncin kotun ECOWAS ma kansa takarda ce da za a iya taƙaita ta a shafi biyu da Hausa da Tamajak, a ba 'yan sakandare su tattauna: me ya sa kotu ɗaya ta ce babu aure, wata ta ce akwai? Wane aiki ne alƙali ya bari bai yi ba?

Batun addini

Masu ajiye wahaya kan fake da cewa addini ya halatta kuyanga. Darasin da ya kauce wa wannan magana ba zai yi tasiri a Dogarawa ko Illela ba, inda maganar malamin zaure ta fi ta mushen lakwal nauyi a gidaje da yawa.

A nan ma akwai abin dogaro daga malaman yankin. A 1615 Ahmad Baba na Tumbuktu ya rubuta Mi'iraj al-Su'ud yana amsa tambayar mutanen Tuwat, inda ya yi watsi da ra'ayin cewa baƙar fata dalili ce ta bautar da mutum, ya kuma lissafa mutanen Kano da Katsina da Barno da Songhai cikin Musulmin da bai halatta a mallake su ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ma ya haramta bautar da 'yantattun Musulmi a cikin Wasiƙar da ya aika wa mutanen ƙasar Sudan. Gaskiya ne waɗannan malamai sun rayu a zamanin da bauta ke gudana, kuma ba su soke ta ɗungurungum ba, wannan ma abu ne da ya kamata a faɗa wa ɗalibi ba ɓoye-ɓoye. Amma ko da ma'auninsu aka auna, sayen 'yar Musulmi mai shekara 12 a lokacin zaman lafiya ba shi da madogara. Idan makarantun allo da na Islamiyya suka ɗauki wannan bayani, zai isa gidajen da littafin boko ba ya shiga.

Fargabar da ba za a raina ba

Akwai masu ganin cewa tono wannan magana tayar da zaune tsaye ne, kuma damuwarsu na da tushe. A aji ɗaya za a samu jikan wanda ya mallaki bayi da jikan wanda aka mallaka, kuma a ƙauye kowa ya san asalin kowa. Malamin da bai samu horo ba zai iya mayar da darasin ya zama abin tsokana a filin wasa. Kalmar Buzu, wadda wasu ke amfani da ita ga duk Ba'abzine, wasu kuma ke nufin mai asalin bauta, ta isa misali kan yadda kalma ɗaya ke iya yin rauni. Haka nan akwai haɗarin a ɗora wa ƙabila guda laifin, alhali a cinikin wahaya mai sayarwa da mai saye sukan fito daga al'ummomi dabam-dabam.

Hukumomi ma sun taɓa nuna rashin jin daɗin maganar. A watan Maris na 2005 an shirya bikin 'yanta mutum 7,000 a Inates, aka soke shi a ƙurarren lokaci, daga baya aka tsare shugaban Timidria na lokacin, Ilguilas Weila, na wasu makonni. Ƙiyasin da aka fi ambato a wancan lokaci, na mutum aƙalla 43,000 da ke cikin bauta a Nijar, ya jawo musu mai zafi daga gwamnati.

Sai dai shiru bai hana abin da ake tsoro ba. Ana fasa aure idan bincike ya nuna asalin bauta, ana hana mutum gonar da kakanninsa suka noma, ana yi masa gori idan ya nemi limanci ko sarauta. Yara na koyon wannan a gida tun kafin su shiga makaranta. Makarantun da Timidria da Anti-Slavery International suka buɗe wa 'ya'yan masu asalin bauta a arewacin jihar Tawa tun daga 2007 sun nuna cewa ana iya haɗa karatu da sanin haƙƙi. Abin da ake buƙata shi ne jagorar malami da ta hana nuna yaro da yatsa ko tambayar asalinsa, ta mayar da hankali kan doka da kuma mutanen da suka tsaya suka ƙwaci 'yancinsu.

Wasu ƙasashen ma sun sha wannan muhawara. Faransa ta yi dokar Taubira a 2001, wadda ta wajabta bai wa cinikin bayi gurbi a manhajar makarantu. A Amurka, shirin 1619 na jaridar New York Times ya jawo ce-ce-ku-ce tun 2019, jihar Florida kuma ta hana wani kwas na tarihin baƙaƙen fata a farkon 2023. Najeriya ta cire darasin tarihi daga makarantun firamare da ƙananan sakandare fiye da shekara 10 kafin ta dawo da shi. Babu inda aka yi abin cikin sauƙi.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa

Dalili na farko shi ne ficewar Nijar daga ECOWAS, wadda ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. Hanyar da Hadijatou ta bi lokacin da kotunan gida suka juya mata baya ba ta nan kamar da. Yanzu nauyin ya koma kan alƙalin Ƙonni da jandarman Malbaza da mai garin ƙauye, da kuma jama'ar da suka san doka har za su iya tambayar dalilin da ya sa ba a aiki da ita.

Na biyu ya shafi matasan da ke fita neman kuɗi. Jihar Tawa na cikin yankunan da suka fi tura 'yan ci-rani zuwa Libiya da Aljeriya da Kwaddibuwa. A watan Nuwamban 2017 tashar CNN ta nuna hoton bidiyon yadda ake gwanjon baƙin haure a Libiya. Ɗan Nijar ko ɗan Najeriya da aka kira bawa a titin wata ƙasar Larabawa ya san zafin kalmar. Zai fi ƙarfin tsayawa ya ƙi ta idan ya san tarihinta, ya kuma san cewa a garinsu ma akwai wanda ake jifa da ita. 'Yan ƙasashen waje da ke tura kuɗin gina masallatai da azuzuwa za su iya ɗaukar nauyin fassara da buga irin waɗannan ƙananan littattafai, ko naɗar su a murya domin gidajen rediyon karkara da WhatsApp.

Na uku shi ne matsayin da Hausa ta samu. Idan har za a koyar da tarihin ƙasa da harshen da yawancin jama'a ke ji, uzurin cewa doka da hukuncin kotu suna cikin Faransanci ya ƙare. Kwamitin da ke rubuta tarihin Nijar zai ba Sarauniyar Lugu da Kaocen da Djibo Bakary shafukansu, kuma sun cancanta. Ma'aunin aikin zai kasance ko za a samu shafi ga matar da aka saya jika 240, ta yi zaman kaso saboda ta zaɓi mijinta, sannan ta kai ƙasarta kotu ta yi nasara. Ranar 27 ga Oktoba na zagayowa ana cikin zangon karatu na farko, kuma daga Dogarawa zuwa kotun da aka fara shari'ar tafiyar ƙasa da awa guda ce a mota.